Dafa-Ƙarfe da Tamostat Ɗin da Aka Sa a Kife

Ƙarfe bakwai na safe yake buɗe garejinsa, kuma ba sifana yake fara ɗauka ba. Tukunya yake ɗorawa. Wata 'yar tukunya ce mai kunne ɗaya. Sai ya zuba mata ruwa, ya kunna risho, ya maƙala tabarau, ya zauna a kan tsohuwar kujerar mota da ya girke a bakin ƙofa yana jiran wanda Allah zai kawo. Baƙo yakan ɗauka shayi za a sha, har ya gyara zama. Ba a taɓa shan komai daga tukunyar nan ba. Ƙarfe ake dafawa a cikinta, shi ya sa duk unguwar ba mai kiransa da sunan da iyayensa suka raɗa masa, sai Dafa-Ƙarfe. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana wannan aiki, kuma ƙarshen watan nan zai rufe garejin, don idanunsa sun fara yi masa gardama, 'ya'yansa kuma sun fi idanun gardama.

Bari in yi wa wanda bai san mota ba bayani, tunda ni ma ban sani ba sai da na sha kunya. A cikin inji akwai ruwa da ke zagayawa yana kwasar zafi, ya kai shi lagireto, wato tankin nan mai ƙananan ramuka da ke gaban mota, iska ta huce shi, ya dawo. A bakin hanyar ruwan akwai wani ɗan ƙarfe da bai fi murfin kofi faɗi ba, da sifirin a gindinsa. Sunansa tamostat. Aikinsa gadi ne. In inji da sanyi, sai ya rufe hanya har injin ya ɗumama. In zafi ya kai inda ya kamata, sai ya buɗe ruwa ya wuce. Iyakar aikinsa ke nan, buɗewa da rufewa.

Kanikawa da yawa ba sa ƙaunar wannan ɗan gadi. Da mota ta yi zafi, ba tambaya ba bincike, sai su zare shi su wurgar a kwata, su ce wa mai mota, "An gama, wannan abin na ƙasashe masu sanyi ne." Dafa-Ƙarfe kuwa bi yake yana tsincewa. Yana da aljihun tebur guda cike da tamostat ɗin da aka kora daga aiki ba a ji ta bakinsu ba. Kowanne sai ya ɗaure shi da waya, ya zura shi a tukunya, ya tsoma ma'aunin zafi, ya tsaya a kansa. In ya buɗe baki a lokacin da ya dace, sai ya ce, "Ba shi da laifi," ya goge shi ya adana. In ya ƙi buɗewa har ruwa ya tafasa, sai ya girgiza kai ya ce, "Wannan kam shi ya ja wa kansa."

Matarsa, wadda duk muke kira Inna, ita ta ba ni asalin tukunyar.

"Tukwane huɗu ya lalata mini, ɗana," in ji ta. "Wata rana na ɗora ruwa zan dafa wa yara ƙwai, na shiga ɗaki na fito, ina ɗaga murfi sai na ga wani abu yana buɗe mini baki a ciki. Na ƙwala ihu har maƙwabta suka shigo a guje. Shi kuwa yana tsaye a bayana da agogo a hannu, wai kada in taɓa, saura minti ɗaya."

Ranar ta ɗauki mai kunne ɗayan ta danƙa masa, ta ce su je can su ƙarata shi da ita. Har yau in ta sayi sabuwar tukunya, ƙarƙashin gado take ɓoyewa.

Wani tsohon hedimasta ma yana da nasa labarin, kuma shi yake bayarwa da bakinsa. Ya zo da motarsa tana huci, ya fito a fusace ya ɗaga bonet, ya kai hannu zai kwance murfin lagireto. Bai ankara ba sai ya ji an bangaje shi, hularsa ta faɗa cikin bahon baƙin mai. Ya miƙe yana faɗin shekara talatin yana horon mutane, ba a taɓa ture shi ba. Dafa-Ƙarfe ya naɗe hannun rigarsa ya nuna masa wani tabo daga gwiwar hannu har wuyan hannu, wanda tafasasshen ruwan lagireto ya yi masa tun yana saurayi. Hedimasta ya dubi tabon, ya dubi hularsa tana nutsewa, ya ce dama ta tsufa.

Amma ba don tukwanen Inna ko hular hedimasta na ɗauki alƙalami ba. Akwai maganar da ke tsakanina da wannan bawan Allah, kuma tunda zai rufe garejin, gara in faɗe ta kowa ya ji.

Babanmu yana da mota da ta girme ni da shekara biyu. Launin madara ce, kujerar gabanta doguwa guda ɗaya, giyarta a jikin sitiyari, bambarta kuwa kullum sai ya goge ta da tsohuwar singileti har ka ga fuskarka a ciki. Ya saye ta tun yana aiki a gidan waya. A lokacin da nake ba ku labari shekararsa saba'in da tara, kuma wuri ɗaya ya rage masa da yake kai kansa da kansa. Kowace Laraba yakan hau unguwar kan tudu wajen yayarsa, Gwaggo. Su bakwai aka haifa, su biyu suka rage. Idanunta sun tafi, amma tun daga kwanar gindin tudu take gane ƙarar motar, ta ce wa jikarta da ke kula da ita a fito da kujera. Ban san me suke tattaunawa ba, don sau da yawa shiru suke yi. Na dai san in Laraba ta wuce bai je ba, duk su biyun ba sa cin abincin kirki.

Ni kuwa ma'aikacin ofis ne, aikina buga hatimi a takarda. Wata rana aka yi wa Baba ɗan ƙaramin aiki a asibiti, ya je gidan babbar yayarmu ya yi kwana uku yana hutawa. Kafin nan na ji yana cewa allurar zafin motar ta fara ɗan wuce tsakiya. Sai na ce bari in yi abin da zai sa a san an haifi ɗa. Na kalli wani bidiyo a waya, minti goma sha ɗaya, wani mutum mai tsaftatattun hannuwa yana canza tamostat yana murmushi. Na sayo sabo fil, na aro sifanu a wajen maƙwabci, na shiga aiki ranar Asabar da hantsi.

Na ciro tsohon ke nan sai wayata ta yi ƙara. Na ajiye shi a ƙasa, na gama magana, na dawo, sai na rasa wane ɓangare ne ke kallon sama. Na koma bidiyon, ashe daidai wurin nan hannun mutumin ya kare komai. Na juya abin a hannuna, na ga sifirin ɗin yana ƙyalli, na ce abu mai kyau haka ai ba a tura shi ƙasa. Na sa shi yana kallon sama, na lafta jan gam har ya tsiyayo ta gefe, na ɗaure notuna da iya ƙarfina, na cika ruwan famfo. Na wanke hannu ina jin kaina. Ban gaya wa kowa ba, wai sai Baba ya yaba sanyin motar in fito in karɓi godiya.

Larabar farko, a tsakiyar tudu, gaban wani shagon mai faci, motar ta fara tururi. Laraba ta biyu, a nan dai. Ta uku kuwa Baba ya zauna a rana kusan awa guda yana jiran ta huce, jiri ya ɗebe shi, mai facin ne ya zaunar da shi a benci ya lalubo lambar Yaya a wayarsa. Ni duk wannan lokacin bakina a rufe. Na san daga ranar da na taɓa motar ta fara, amma kullum sai in ce wa kaina ai tsufa ne ya zo daidai da aikina.

Yaya ma'aikaciyar jinya ce, kuma a gidanmu in ta yi magana an gama. Ta tara mu a falon Baba ta yanke hukunci. Za a kira mai sayen tsofaffin ƙarafa ya ɗauke motar, Laraba kuma wani daga cikinmu zai riƙa kai shi "in an samu lokaci". Kowa a falon ya san ma'anar wannan lokacin. Baba bai yi faɗa ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ya juya makullin a tafin hannunsa ya ce, "A kai ta wajen Dafa-Ƙarfe. In ya ce ta mutu, da hannuna zan ba ku."

Yaya ta amince, sannan ta ja ni kicin ta rage murya.

"Auta, ka riga mu zuwa. Ka ce masa ya ce injin ya gama. Ba zan zauna ina jiran a kira ni a ce an tsinci Baba a titi ba."

Ba ta yi mugunta ba, tsoro ne ya kama ta. Ni ne dai ban da abin kare kaina. Na karɓi aiken da sauri, don na lissafa cewa ranar da mai ƙarafa ya ja motar nan, ya ja asirina tare da ita.

Na same shi a kan kujerarsa, tukunya na tafasa. Bayan gaisuwa na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na sauke saƙon. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Ya gaman ne?"

"Ai kai za ka faɗa, Malam."

"To in na gani zan faɗa."

"Don lafiyar Baba ne fa."

"Lafiyar Maigida aikin yayarka ne, ita ta karanta. Ni lafiyar mota na sani. Ku kawo ta gobe da safe. A jawo ta, kada a tayar."

Washegari Baba ya sa kayansa mafi kyau kamar mai zuwa kotu. Yaya ta zo da jakarta a hammata, ta ƙi zama. Dafa-Ƙarfe ya zaro sandar auna mai ya duba, ya shinshina, ya matsa tiyoyin ruwa ɗaya bayan ɗaya. Ya tayar da injin ya bar shi yana aiki, tafinsa a kan babban tiyon sama. Allura ta hau, tiyo kuwa da ɗan ɗuminsa kawai. Ya ce, "Hmm," ya kashe, ya koma kujerarsa ya zauna.

"Me ake jira?" in ji Yaya.

"Ta huce, Sista. Ba na taɓa mai fushi."

Minti arba'in muna jira. Sannan ya tura baho ƙarƙashin motar, ya kwance tiyon ƙasa, wani ruwa ja mai tsatsa ya ɓulɓulo. Ya kori magen garejin da ta matso tana shinshina, ya ce irin wannan ruwan zaƙi gare shi amma yana kashe dabba. Ya zo kan murfin tamostat, ya tsaya yana kallon gam ɗin da ya bushe ya yi tudu.

"Wanda ya yi wannan aikin dai ba marowaci ba ne," in ji shi.

Ya yi fama da notunan da na cinye wa kai, ya ɗaga murfin, ya leƙa ciki. Ya ɗago ya dube ni, duba ɗaya tak. Daga baya na tambaye shi yadda aka yi ya gane. Ya ce, "Kowa a wurin ya miƙo wuya yana leƙe, kai kaɗai kake karanta kalandar bara da ke bango."

Ya zaro abin, ya ɗaure shi da waya, ya nufi tukunya, muka bi shi duuu. Mu huɗu, manya da hankalinmu, muka kewaye risho muna kallon ƙarfe yana dahuwa. Ruwa ya fara ƙananan kumfa, ma'aunin zafi yana hawa, ni kuma ina addu'a a zuci Allah ya sa abin ya ƙi buɗewa. Ban taɓa roƙon abin kunya irin wannan ba. Sai ga shi ya buɗe baki a hankali, tsaf, daidai lokacinsa.

"Ba shi da laifi," in ji Dafa-Ƙarfe.

"To me ke damun motar?" in ji Yaya.

"A kife aka sa shi. Gindin nan mai sifirin shi ke jin zafi, cikin inji ya kamata ya kalla. An sa mai gadi a ƙofa an juya bayansa ga gida, gida na cin wuta shi yana shan iska."

Baba ya gyara tsayuwa. "Wane ne ya yi mini wannan?"

"Maigida, ni bakanike ne, ba ɗan sanda ba."

"Na san shi! Mutumin nan ne na bakin kasuwa da ya canza mini bel ɗin fanka."

"A'a, kada ka ɗauki alhakinsa. Shi cirewa yake yi, ba ya sawa. Wannan sabo ne fil, kuma mai kyau aka saya. Aikin mai son motar ne, hannun ne dai bai kai zuciyar ba."

Na mayar da idona kan kalandar. Baba ya sunkuya yana ƙara leƙa tukunyar, sai Yaya ta matso kusa da ni ta ce a hankali, cikin haƙora, "Ba ka ba shi saƙon ba?" Kunnen Dafa-Ƙarfe kuwa ya saba jin ƙaramin ƙara a cikin babban inji. Ya matso shi ma ya rage murya.

"Ya ba ni, Sista, saƙo ya iso lafiya. Amma bari in gaya miki abin da na gani. Sau uku motar nan ta tafasa, kuma injin bai ƙone ba, man ma fes yake. Kin san dalili? Da allura ta hau Maigida yake kashewa. Rabin samarin da ke zuwa nan ba su san akwai allurar ba sai sun ga hayaƙi. Ke kika san jikinsa, ba zan shiga aikinki ba. Amma in don motar ne, ba zan ce ta mutu ba, tana da rai."

Yaya ta sauke jakar daga hammata ta zauna.

Daga nan aka shiga aiki, kuma daga ranar na samu sunan da ya bi ni har yau. "Injiniya," in ji shi, yana miƙo mini reza, "zo ka kankare mana gam ɗin nan, na ga kamar za ka fi sanin inda ya shiga." Na durƙusa ina kankara, shi kuma yana wanke cikin injin. Ya cika ruwa, ya tayar, ya zubar, sau huɗu, har abin da ke fitowa ya daina kama da ruwan kwata. Gasket ɗin wannan tsohuwar mota, wato abin da ake shimfiɗawa a bakin murfin don ya hana yoyo, an daina sayar da shi, sai ya ɗora takarda mai kauri a bakin murfin, ya bi gefe-gefe yana ƙwanƙwasawa da 'yar guduma har siffar ta fita da kanta.

Da zai mayar da tamostat ɗin, sai ya ɗaga shi sama ya dubi magen, ba ni ba.

"Mage, ki saurara, ko wata rana za ki gyara mota. Sifirin ƙasa. 'Yar hudar nan kuma sama, don iska ta samu hanyar fita. Kin ji ko? Sifirin ƙasa."

Baba ya yi dariya ya ce mutumin nan ya fara tsufa. Ni ban ga abin dariya ba.

Ya ɗaure notunan kaɗan-kaɗan, wannan sannan wancan, ya ce tsohon ƙarfe lallashi yake so, in ka matsa masa sai ya tsage. Ya ɗauko galan na koren ruwan sanyaya inji, ya haɗa shi rabi da rabi da ruwan batir, ya ce ruwan famfo shi ya haifi duk tsatsar da muka zubar. Sannan ya sa muka tura gaban motar kan wasu katakai biyu, hancinta ya ɗaga sama. Ya zuba ruwan a hankali ta mazurari, ya bar murfin a buɗe. Ya ce yanzu saura a kori iskar da ta maƙale a ciki, don kumfa ɗaya ta isa ta mayar da mu gidan jiya. Kuma ba ta fita sai an kunna hita har ƙarshe, wani ya zauna a ciki yana faɗin abin da yake ji.

"Injiniya, bismillah. Ka ɗaga gilasai duka."

Rana ta take tsaka, ni da riga mai dogon hannu. Na shiga na rufe. Da farko iska mai sanyi ce, can sai ta fara zuwa kamar daga bakin murhu. Ta gilashin gaba ina hangensa yana matsa tiyo, kumfa na tasowa a bakin lagireto, yana ƙara ruwa kaɗan-kaɗan ba ya sauri.

"Ka ji zafi?"

"Na ji, Malam!"

"Bai isa ba."

Minti ashirin da biyar na yi a ciki. Na fito kamar an tsamo ni daga rijiya, Baba har yana sa mini albarka wai na yi wa motar hidima. Sai bayan shekara guda, ina hira da wani bakanike, na ambaci maganar ɗaga gilasai. Mutumin ya dube ni ya ce shi bai taɓa jin wannan ba, hita kawai ake kunnawa, ko ba kowa a ciki. Na koma na tuhumi Dafa-Ƙarfe, ya ce, "Motar ba ta bukata, kai ne kake bukata."

Aka rufe murfi, aka sauke ta daga katakai. Ya wanke hannu ya ce a je tudu. Baba a sitiyari, shi a gefensa, ni da Yaya a baya. Tun daga gindin tudun Yaya ta kama bayan kujera ta zura kai tsakaninsu, idonta a kan allura. Allura ta tashi, ta zo tsakiya, ta tsaya. Muka doshi shagon mai faci. Yana hango launin madara ya miƙe ya ɗauko bokitin ruwa, ya fito bakin titi yana jira, don ya saba. Muka wuce shi da bokitinsa, Baba ya danna masa hon sau biyu. Har muka kai saman tudu allura ba ta motsa ba.

Kafin Baba ya kashe injin mun jiyo muryar Gwaggo daga cikin gida. "Yau Laraba ce? Ke, fito da kujera, ba ki ji ba ne?" Ranar Asabar ce, mako na huɗu ke nan rabonta da jin ƙarar nan a ƙofarta. Yaya ta juya kai tana neman wani abu a jakarta da ba ya ciki. Da muka fito ta kafa wa Baba sharaɗi: gwajin ido duk wata shida, kuma ba tuƙi in rana ta faɗi. Ya ce ya ji. Makullin yana hannunsa, ba ta miƙa nata hannun ba.

Shekara biyu da wata huɗu Baba ya ƙara yana hawan tudun nan, bai fasa Laraba ko ɗaya ba, har Allah ya karɓi ran Gwaggo. Bayan mako biyu ya kira ni ɗakinsa ya ce idonsa ya fara raba layin titi biyu, kuma dama inda yake zuwa ya ƙare. Ya kamo hannuna ya sa mini makullin. Ba taro, ba hukunci, ba wanda ya tambaye shi. A nan abin ya fi ƙarfina, na ce, "Baba, ni ne na sa tamostat ɗin nan a kife."

Ya dube ni. "Kai ne?"

"Ni ne."

"Har da gam ɗin?"

"Duka."

"Shi kuma Dafa-Ƙarfe ya sani?"

"Tun ranar."

Ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi. "Shekara biyu ina zuwa garejinsa ina zagin wanda ya yi aikin nan, yana ba ni kujera yana cewa in ƙara!" Ya share ido da gefen riga. Bai karɓe makullin ba. Ya ce, "Ka tuƙa ta. Bonet kuwa, ko kuka ka ji ana yi a ciki, kada ka buɗe."

To, Dafa-Ƙarfe, mai shari'a da tukunya, yau ga ni na faɗa da bakina. Kai ne aka aiko wa ƙarya har gareji, daga mutanen da kake jin nauyinsu, ka karɓi saƙon da mutunci ka ƙi aiki da shi. Kai ne ka ga laifina ƙiri-ƙiri, ka faɗi gaskiyar ƙarfe duka, ka bar mini tawa in faɗa in na yi hankali. Na daɗe ban yi ba, ba ka taɓa tuna mini ba, in ban da Injiniyan nan da kake ƙwala mini a tsakiyar kasuwa.

Kanikawan da za su gaji layin nan, ku yi koyi da shi: kafin ku ce abu ya mutu, ku gwada shi. Mu kuma da muke da tsofaffi a gida, kafin mu zauna a falo mu yanke musu hukunci don muna tsoro, mu fara dubawa ko mu ne muka juya wani abu a kife.

Allah ya huta gajiya, Malam, ya ƙara wa idanun nan haske, ya ba Inna ladan tukwanenta. Ka ɗauka aikin rabin yini ka yi ranar nan. Ni na ƙirga a kalanda: Laraba ɗari da ashirin da ɗaya ka ba wa tsofaffi biyu. A ta ƙarshe Gwaggo ba ta iya tashi zaune, ba ta gane mu duka, amma da motar ta sha kwanar gindin tudu sai ta buɗe baki ta ce a fito da kujera. Mun gode.